Debian, Mint ko Fedora: shekarun laftof ɗinka ne za su raba gardamar

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da ya saba ba Windows 10. Ita kuwa Windows 11, bisa ƙa'idarta, ba ta hawa sai kwamfutar da ke da na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesar Intel zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Duk wanda ya san irin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai a Yelwa da Gwallameji a Bauchi, ko wadda ake jerawa a shagunan kewayen Wunti, ya san da yawa ba su cika wannan sharaɗi ba. HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, ThinkPad T460 da T470, duk zubi na 6 ne ko na 7, kuma lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa maganar Linux, manhajar da ake ɗora wa kwamfuta a madadin Windows, ta fara fitowa daga bakin mutanen da a da ko sunansa ba sa son ji.

Sai dai da zarar mutum ya ce ya yarda zai gwada, sai ya tarar da mashawartan nasa sun rabu gida biyu kan wane nau'in Linux zai sa. Wasu su ce masa ya sa Debian, don ba ta canja hali, yadda ka bar ta jiya haka za ka same ta gobe. Wasu su ce Fedora, don ita ce ke gane sababbin na'urori. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma ni a ganina tambayar da ya kamata a fara yi wa mai laftof ita ce: wace shekara aka ƙera ta, kuma wane katin Wi-Fi ne a cikinta? Amsar wannan ita ke yanke kusan komai.

Dalili kuwa yana cikin yadda aka gina Linux. A Windows, idan sauti ko kyamara ta ƙi aiki, injiniya yana zuwa shafin HP ko Dell ya sauko da direba, wato 'yar manhajar da ke sa na'urar aiki, ya ɗora. A Linux yawancin direbobin suna cikin kanel, wato zuciyar manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma har yau shi ke fitar da sabon zubi duk bayan mako tara ko goma. Na'urar da aka ƙera bana, direbanta yana shiga kanel ɗin bana ko na baɗi. Kanel ɗin da aka daskarar shekara biyu da suka wuce bai taɓa jin labarinta ba. Misali, katin Wi-Fi na Intel AX210 yana buƙatar kanel 5.10 zuwa sama, na MediaTek MT7921 kuma 5.12. Irin kyamarar Intel IPU6 da ke cikin wasu sababbin Dell da ThinkPad sai a 6.10 direbanta ya shiga kanel, a tsakiyar 2024, kuma ko bayan nan ba kowace ce ta kama aiki nan take ba. To bambancin da ke tsakanin Debian da Fedora, idan ana maganar laftof, mafi yawansa bambancin shekarun kanel ne da abubuwan da ke tafiya tare da shi, kamar Mesa mai kula da hoto da kuma famwaya, 'yan ƙananan fayilolin da kamfanonin na'ura ke bayarwa don kati ya farka.

Debian tana fitar da sabon zubi kusan duk shekara biyu. Debian 12 ta fito a Yunin 2023 da kanel 6.1, Debian 13 kuma a Agustan 2025 da 6.12. Daga ranar da ta fito, lambar kanel da ta manhajoji ba sa motsi, gyaran tsaro da na manyan kurakurai kawai ake aikowa, kuma ana kula da kowane zubi kimanin shekara biyar idan aka haɗa da tallafin ƙarshe. Ga mai shagon buga takardu da ke son firinta ta yi aiki yau kamar yadda ta yi jiya, babu abin da ya fi wannan. Tsohon sunan da Debian ta yi na cewa ba ta gane Wi-Fi ma ya kau. Asalinsa shi ne a da ba ta sa famwayar da ba buɗaɗɗiya ba a faifan girkawarta na hukuma, sai mutum ya gama sakawa ya ga babu intanet. A 2022 masu aikin Debian suka kaɗa ƙuri'a suka sauya wannan matsayi, kuma tun daga Debian 12 famwayar na zuwa a ciki. Masu ba da shawara da yawa har yanzu labarin da suke bayarwa na kafin 2023 ne.

Inda Debian ke da rauni shi ne ƙarshen zangonta. A farkon 2025, wanda ya sayi sabuwar laftof fil ya ɗora mata Debian 12, kanel na ƙarshen 2022 ya ba ta. Akwai ma'ajiyar da suke kira backports, inda ake samun sabon kanel da aka daidaita da tsohon zubi, kuma tana aiki. Amma sai ka iya shiga intanet kafin ka sauko da shi, sai ka san abin da kake nema, kuma kanel ɗin can ba ya samun kulawar tsaro irin ta na asali. Ga wanda bai taɓa buɗe taminal ba, wato allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Fedora, wadda Red Hat ke ɗaukar nauyinta, akasin haka take. Sabon zubi duk wata shida, kuma kowane zubi yana rayuwa kusan wata 13 ne kawai. A tsakanin nan ma kanel ba ya zama wuri ɗaya, da Torvalds ya fitar da sabo, bayan 'yan makonni zai iso maka. Idan laftof ɗinka ta Core Ultra ce ko sabuwar Ryzen, nan ne za ka fi samun sauti da kyamara da barcin kwamfuta suna aiki yadda ya kamata. Ba banza ba kamfanin Lenovo ya fara sayar da wasu ThinkPad ɗauke da Fedora tun 2020. Kuma kada a ɗauka wai Fedora kullum a lalace take. Ana gwada ta sosai kafin a saki, sannan tana ajiye kanel uku a lokaci guda, idan sabon ya zo da matsala sai ka sake kunnawa ka zaɓi na baya.

Farashinta a wurinmu daban ne da wanda masu rubutu daga Turai ke lissafawa. Na farko data. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa ya koma ƙirga megabayit. Fedora kusan kullum tana da abin saukewa, kuma sau ɗaya a shekara aƙalla dole ka ɗaga zubin gaba ɗaya, in ba haka ba gyaran tsaro ya yanke. Wanda ke da Wi-Fi na ofis ko na makaranta ba zai ji ba. Wanda ke kunna hotsifot daga wayarsa zai ji a aljihunsa. Na biyu kuma, saboda dokokin haƙƙin mallaka na Amurka, Fedora ba ta zuwa da wasu abubuwan buɗe bidiyo, kuma tun daga Fedora 37 ta cire damar da katin hoton AMD ke da ita ta sarrafa bidiyon H.264 da H.265 da kansa. Sai ka ƙara ma'ajiyar RPM Fusion ka maido da su, haka ma direban NVIDIA. Idan ba ka yi ba, furosesa ce za ta ɗauki nauyin bidiyon, fanka ta yi ta kuka, batir ya zube. A watan Afrilu a Bauchi, lokacin da zafi ke taɓa digiri 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga laftof ɗin da ƙurar hunturu ta riga ta toshe mata mashaƙa.

Arch Linux da openSUSE Tumbleweed sun fi Fedora gudu, su ba su da zubi ma, kullum cikin sabuntawa suke. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a jami'ar ATBU ta Bauchi da ke son sanin cikin Linux zai ƙaru da Arch ƙwarai, amma a laftof ta biyu, ba wadda furojet ɗinsa ke ciki ba. Tumbleweed tana da wata fa'ida, tana ɗaukar hoton tsarin kafin kowace sabuntawa ta yadda za ka koma baya daga allon farko, sai dai cin datarta ya fi na kowa.

Akwai abin da ya faru a Maris na 2024 da ya kamata a sa a ma'auni. Wani injiniyan Microsoft mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfutarsa daga nesa ta hanyar SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu, ya gano an dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a cikin manhajar matse fayiloli ta xz, zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Gurɓataccen zubin ya riga ya shiga Tumbleweed da Kali da rassan gwaji na Debian da Fedora. Bai kai ga Debian ta yau da kullum ba, bai kai ga Ubuntu LTS, zubin Ubuntu mai dogon tallafi, ba, saboda jinkirinsu. Ba kullum jinkiri ke cetarwa ba, amma ran nan ya cetar.

A tsakanin waɗannan gidaje biyu ne Ubuntu LTS da Linux Mint suka zauna, kuma nan ne nake ganin ya kamata yawancinmu mu tsaya mu duba da kyau. Ubuntu LTS tana fita duk shekara biyu a watan Afrilu, da tallafin shekara biyar, wanda Ubuntu Pro ke kai wa goma, kyauta ga mai amfanin kansa har kwamfuta biyar. Dabararta ita ce abin da suke kira HWE: manhajoji suna nan daskare kamar na Debian, amma kanel da Mesa ana ɗaga su kusan duk wata shida. Ubuntu 24.04 ta fito da kanel 6.8, a Fabrairun 2025 zubin 24.04.2 ya zo da 6.11, a Agusta kuma 24.04.3 ya kawo 6.14. Ke nan laftof ɗin da ta ƙi aiki da faifan farko tana iya yin lafiya lau da na uku, alhali sunan manhajar bai canja ba. Wannan ne ya sa nake cewa duk injiniyan da ke yawo da filas ɗin Ubuntu ya duba lamba ta ƙarshe a sunan fayil ɗin. Sau da yawa ana yanke wa laftof hukuncin "ba ta karɓar Linux" da tsohon faifai ne kawai.

HWE ma tana da nata haɗarin. Direbobin da ba sa cikin kanel, kamar na katin Broadcom da ke cikin tsofaffin MacBook da wasu Dell, ko na NVIDIA, ko na VirtualBox, duk lokacin da kanel ya canja sai an sake gina su. Wani lokaci ginin ya ƙi, ka wayi gari babu Wi-Fi ba tare da ka taɓa komai ba. Maganin shi ne, idan laftof ɗinka tsohuwa ce kuma komai na aiki, ka tsaya a kan kanel na asali, wato 6.8 a 24.04, wanda ake kula da shi har ƙarshen shekara biyar ɗin. Babu abin da sabon kanel zai ƙara wa EliteBook ta 2016 da ya kai wannan kasadar.

Tsakanin Ubuntu da Mint kuwa, ni Mint nake zaɓa wa mutane, kuma dalilina na nan gida ne. Mint 22 an gina ta a kan Ubuntu 24.04, tallafinta zai kai 2029, direbobinsu ɗaya. Amma faifan Mint bai kai gigabayit 3 ba, na Ubuntu kuwa ya doshi 6. Ubuntu tana kawo Firefox a tsarin Snap, wata hanyarta ta girka manhajoji, shi kuma Snap yana duba sabuntawa da kansa sau huɗu a rana, ya sauke ba tare da ya tambaye ka ba, sai in ka san yadda ake dakatar da shi ko ka shaida wa kwamfutar cewa layin nan na ƙirge ne. Mint ta toshe Snap tun zubi na 20, kuma ba ta sauke komai sai ka danna. Tana da wurin zaɓen kanel da linzami a cikin manhajar sabuntawarta, tana da wurin sa direban NVIDIA da Broadcom, tana kuma da Timeshift mai ajiye hoton tsarin don a koma kansa idan abu ya lalace. Fuskarta ta yi kama da Windows 7 ta yadda ko malamin firamare da bai taɓa ganin Linux ba zai nemo fayilolinsa. Abin lura ɗaya: manhajojin da ke cikin shagonta a tsarin Flatpak, ɗan'uwan Snap, suna janyo manyan fayilolin tallafi a karon farko, ƙaramar manhaja sai ta ci maka ɗaruruwan megabayit. Ka duba ko akwai zubin ta na yau da kullum kafin ka danna.

Timeshift ɗin nan ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da yadda ake zato, saboda wuta. Laftof ta hannu sau da yawa batirinta ya gaji, wata ma da an zare caja take mutuwa. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sa sabon kanel, kana iya samun kwamfutar da ba ta tashi. A Debian da 'ya'yanta, wato Ubuntu da Mint, umarnin sudo dpkg --configure -a yakan ƙarasa aikin da ya katse, amma sai in ka samu shiga. Lissafin a fili yake: manhajar da ke taɓa kanel sau da yawa ta fi ba wa ɗaukewar wuta damar samun ka a mummunan lokaci. Kowacce ka zaɓa, kada ka sabunta sai batir na da caji ko kana kan sola ko janareta, kuma kada ka ɗaga zubi ana saura mako guda ka kare furojet. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To yanzu a koma kan shekarun laftof. Idan an ƙera ta tsakanin 2012 da 2020, musamman jerin ofis irin su ThinkPad T, Latitude da EliteBook masu katin Wi-Fi na Intel, gaskiyar magana babu wani zaɓi mai wuya a gabanka. Direbobinta sun shekara da shekaru a kanel, Debian 13 da Mint da Fedora duk za su gane ta daidai wa daida. Tunda haka ne, me zai sa ka biya kuɗin datar Fedora? Ka ɗauki Mint, ko Debian idan kwamfutar shago ce da ba a son kowa ya taɓa. Idan ram ɗinta gigabayit 4 ne, ka ɗauki zubin Xfce mai fuska marar nauyi, ka kuma sa SSD in har yanzu tsohon hadis (hard disk) ne a ciki, wannan zai ƙara mata sauri fiye da kowane kanel. Masu tsofaffin kwamfutoci na 32-bit su sani Debian 13 ta daina fitar musu da faifan girkawa, Debian 12 ce ta ƙarshe.

Laftof ɗin 2021 zuwa 2023 ita ma yanzu ta shiga sahun waɗanda kanel 6.8 ko 6.12 ya sani. Matsalar da ta fi yawa a wannan rukuni ita ce ƙananan HP da Lenovo na gida, waɗanda ake sa wa katin Realtek ko MediaTek don rage farashi. Katin yana iya aiki amma ya riƙa yankewa, ko ya ƙi farkawa bayan an rufe murfi. A nan sabon kanel yakan taimaka, don haka Mint da kanel na HWE ta fi Debian dacewa. Amma akwai hanyar da ba a cika faɗa ba: a yawancin waɗannan kwamfutoci katin Wi-Fi ɗan ƙaramin abu ne da dunƙule ɗaya ya riƙe, ana cire shi a sa Intel AX200 ko AX210. Masu gyara a gari suna samun su, ko a aiko daga Farm Centre a Kano. Ka dai kiyaye AX201, don shi sai da furosesar Intel da ta dace da shi yake aiki, kuma wasu tsofaffin HP da Lenovo suna da jerin katunan da BIOS ɗinsu ke yarda da su kaɗai. Canja kati sau ɗaya ya fi zama da manhajar da ba ka so shekara da shekaru saboda Wi-Fi.

Sabuwa fil, wadda ba ta wuce shekara ɗaya da fitowa kasuwa ba, ita kaɗai ce nake cewa a sa wa Fedora kai tsaye, ko Ubuntu ta tsakanin LTS mai tallafin wata tara. Kuma ba aure ba ne. Bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da sabuwar LTS ko sabuwar Debian ta fito da kanel ɗin da ya san na'urarka, sai ka koma can ka huta. Idan ka ware wa fayilolinka ɓangarensu daban a faifai tun farko, ƙaurar ba ta wuce aikin yamma ɗaya.

Akwai kuma abubuwan da babu zaɓin da zai gyara, gara mutum ya sani tun wuri. Na'urar karanta yatsa ta ThinkPad T480 ba ta aiki da direban hukuma a kowace Linux, sai da wata dabara ta gefe. Laftof ɗin da kamfaninta ya cire tsohon salon barci na S3 ya bar na zamani kawai tana iya shan batir a cikin jaka ko wane kanel ka sa, wani lokaci sabunta BIOS ne ke rage abin, kuma Dell da Lenovo da HP suna aiko da irin wannan sabuntawa ga wasu samfuransu ta manhajar fwupd. CorelDraw da AutoCAD kuwa ba su da zubin Linux sam. Mai shagon zane ko ɗalibin injiniya da abincinsa ke kansu ya bar Windows a gefe guda na faifan.

Duk wannan bayani, gani ya kori ji. Ka sa Ventoy, manhajar da ke ba filas ɗaya damar ɗaukar faifan girkawa da yawa, a filas mai gigabayit 16, ka zuba faifan Mint da na Debian mai tashi daga filas (live) da na Fedora a ciki, ka tayar da laftof ɗin daga filas ba tare da ka girka komai ba. In sayen ta za ka yi, ka ce wa mai shagon, "Maigida, ka ba ni minti goma in gwada da filas ɗina, ba zan taɓa hadis ba." Wanda ya yarda da kayansa ba ya hanawa. Ka haɗa Wi-Fi da hotsifot ɗinka, ka kunna bidiyo ka ji sifika, ka soka abin kunne, ka buɗe kyamara, ka gwada makirfo, ka ƙara haske ka rage, sannan ka rufe murfin minti biyu ka buɗe ka ga ko Wi-Fi ya dawo. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, kuma shi ya fi tona asiri. Umarnin lspci -nnk zai nuna maka sunan katin da direban da ya kama shi, uname -r kuma ya faɗa maka lambar kanel. Idan Wi-Fi ya ƙi gaba ɗaya, ka haɗa wayarka ta Android da kebul ka kunna raba intanet ta USB, wannan yana aiki a kusan kowace Linux ba tare da ƙarin direba ba, kuma da shi za ka sauko da abin da ya rage. Ka fara gwajin da Debian ko Mint. Idan komai ya yi aiki a can, ka girka ta, ba sai ka buɗe faifan Fedora ba.